Inshorar Tafiya Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Yadda Farashi Ya Sauko Daga Ninki 11 Zuwa Ninki 3

Wanda abin ya shafa

Dattijo ne mai shekara 67, ya yi ritaya shekara biyar da suka wuce. Shekararsa 12 da hawan jini, yana shan amlodipine kowace safiya, sai dai yakan yi fashi idan ya ji jikinsa garau. Ba ya shan taba, ba shi da ciwon suga. Matarsa shekararta 61, babu wata cuta da take shan magani a kanta. 'Yarsu tana aure a wata ƙasar Turai da ke cikin yankin Shengen, wato ƙasashen da ake shiga da biza ɗaya, ɗansu kuma yana aiki a Amurka. Tun kafin ciwon ya zo sun tsara tafiyar mako bakwai a watan Yuli: mako biyar wajen 'yar, wadda ake sa ran haihuwarta a lokacin, sai mako biyu wajen ɗan.

Ya sha tafiye-tafiye a baya, kuma sayen inshora bai taɓa cin masa minti goma ba. Abu ne da ake biya tare da tikiti, a jefa takardar cikin jaka a manta. Da yake farashi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ma'aunin da za a bi a nan shi ne abin da aka nemi matarsa ita kaɗai ta biya don waccan tafiya ta mako bakwai. Duk inda aka ce ninki kaza, wannan kuɗin ake ninkawa.

Janairu zuwa Maris: ciwon da jinyarsa

Wata safiya yana riƙe da kofi, sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Da matar ta waiwayo ta ga bakinsa ya karkace, magana tana fita da kyar. Cikin awa ɗaya da rabi suna asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa na CT ya nuna babu zubar jini, toshewar jijiya ce, irin da ta fi yawa, kusan kashi 85 cikin 100 na masu shanyewar ɓarin jiki.

Gwajin bugun zuciya na ECG kuma ya tono abin da bai san yana ɗauke da shi ba, wato bugun zuciya marar tsari da likitoci ke kira AF. Ɗakunan sama na zuciya suna karkarwa maimakon su matsa su tura jini yadda ya kamata, sai jinin ya kwanta ya yi guda, gudan ya ɓalle ya bi jijiya har ƙwaƙwalwa. AF yana ninka haɗarin shanyewar jiki kusan sau biyar. A ma'aunin da likitoci ke auna wannan haɗari da shi ya sami maki 4: ɗaya na hawan jini, ɗaya na shekarunsa da ke tsakanin 65 da 74, biyu na shanyewar da ta riga ta same shi.

Ya yi kwana shida a kwance. An ba shi aspirin na mako biyu, sannan aka ɗora shi a kan warfarin don hana jini daskarewa, da bisoprolol don rage gudun zuciya, da atorvastatin don rage kitsen jini. Ya riƙa zuwa gashin ƙashi sau biyu a mako. Zuwa ƙarshen Maris yana tafiya ba sanda, magana ta washe, abin da ya rage kawai ɓalla maɓallin riga da hannun hagu yana ɗaukarsa lokaci.

Ya tambayi likita ko zai iya hawa jirgi. Likitan ya ce kamfanonin jirgi galibi kwana 10 zuwa mako biyu suke so a jira bayan shanyewar jiki, saboda iskar cikin jirgi daidai take da ta saman tsauni mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, kuma shi ya daɗe da wuce wannan wa'adi. Da wannan amsa ya koma gida yana ganin babu sauran abin da zai tare masa hanya.

Afrilu: yunƙurin farko

Ya fara da inshorar da ke haɗe da katin bankinsa. Ma'aikacin da ya ɗauki wayar ya karanto masa sharaɗin: babu biya a kan duk wata cuta da mutum yake da ita kafin tafiya. Daga nan ya koma wani shafin intanet da ke jera farashin kamfanoni daban-daban. Da ya shigar da shekarunsa da inda zai je, tayi ya cika allo. Da ya amsa "e" a tambayar zuciya da ta shanyewar jiki, sai aka wuce da shi wani fom mai jerin cututtuka, aka ce ya zaɓi nasa.

A asibiti da gida kowa "ciwon zuciya" yake cewa, shi ma haka ya riƙe. A fom ɗin kuwa babu wani abu mai wannan suna. Akwai bugun zuciya marar tsari, akwai gazawar zuciya, akwai toshewar jijiyar zuciya, akwai ciwon ƙirji na angina, akwai cutar bawul, wato ƙofofin da jini ke bi cikin zuciya. Ya daɗe yana kallon jerin. Don gudun kada a ce ya ɓoye wani abu, sai ya danna uku: bugu marar tsari, gazawar zuciya, da toshewar jijiyar zuciya, yana tunanin ai an ce masa jijiya ce ta toshe.

Tayi ɗaya tak ya rage a allon, kuɗinsa ninki 11. Ya rufe kwamfutar.

Ƙarshen Afrilu: takardar da ta ishi biza

Dokar biza ta Tarayyar Turai ta 2009 ta wajabta wa mai neman bizar Shengen ya nuna inshorar lafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba, mai ɗaukar jinyar gaggawa, da kwanciya a asibiti, da mayar da mutum gida saboda rashin lafiya ko rasuwa. Surukinsa, da niyyar sauƙaƙa masa, ya saya masa irin wannan a intanet cikin minti biyar, kuɗinta bai kai ninki ɗaya da rabi ba. Ba a yi masa tambayar lafiya ko ɗaya ba. Takardar ta iso da adadin da ofishin jakadanci ke nema rubuce da manyan baƙaƙe.

'Yar ce ta zauna ta karanta sharuɗɗan, shafi sama da 30. Ta kira shi da daddare.

"Baba, wannan za ta ba ka biza, amma ba za ta biya maka asibiti ba. An rubuta babu biya a kan duk abin da ya taso daga tsohuwar cuta, kai tsaye ko a kaikaice."

"To idan faɗuwa na yi na karye fa?"

"Sai su tambaya me ya kayar da kai. Idan jiri ne, su ce zuciya ce. Idan jini ya ƙi tsayawa, su ce maganinka ne."

Yarjejeniyar tana da wa'adin kwana 14 na fasawa, suka fasa a rana ta tara, aka mayar da kuɗin.

A makon ne wani abokinsa ya zo duba shi, ya ji labarin, ya ce, "Malam, wa ya aike ka faɗa musu? Ka ce lafiyarka ƙalau mana. Wa zai buɗe ƙirjinka ya duba?" Ya kwana biyu yana juya maganar a ransa. Matar ce ta kashe zancen. Ta ce ranar da aka kwantar da shi a can, likitan farko da ya ga magungunan da ke jakarsa zai san komai, ya rubuta a fayil, kuma fayil ɗin ne kamfanin zai nema kafin ya fitar da ko sisi.

Mayu da Yuni: an sauya magani, ƙofofi sun rufe

Warfarin bai zauna masa ba. Ana son awon jininsa na INR, mai nuna saurin daskarewar jini, ya tsaya tsakanin 2 da 3, nasa kuwa yau 1.6, bayan mako biyu 3.8. A tsakiyar Mayu likitan zuciya ya mayar da shi kan apixaban, miligiram 5 safe da yamma, wanda ba ya bukatar yawan awon jini. A zaman nan kuma ya rubuta masa hoton zuciya na eko da na'urar da ake ɗaura wa mutum ta awa 24 don naɗar bugun zuciya. Layi ya kai shi Yuli.

'Yar ta gano cewa akwai kamfanoni da dillalai waɗanda aikinsu ke nan, inshorar masu tsohuwar cuta. A Birtaniya ma, tun Afrilun 2021, hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta wajabta wa kamfanin da ya ƙi mutum saboda rashin lafiya ya nuna masa kundin irin waɗannan kamfanoni. A wasu ƙasashen mutum da kansa zai nema, ko ta hannun dillali, ko ƙungiyar masu fama da ciwon. Sun tuntuɓi uku a watan Yuni.

Biyu sun ƙi shi tun a tambayar farko-farko: shin kana jiran wani gwaji ko sakamakonsa? Ya ce e. Aka ce ya dawo idan sakamako ya fito. Na ukun ya yarda ya karɓe shi a kan ninki biyu, amma da sharaɗin cire zuciya, da ƙwaƙwalwa, da duk abin da ya shafi jini. Wannan kamfani ya ƙara masa wani bayani da bai taɓa ji ba: a wajensu sai mutum ya yi kwana 90 ba a sauya masa magani ba, ba a ƙara ba, ba a rage ba, kafin su ɗauke shi a matsayin wanda ciwonsa ya lafa. Sauyin da aka yi masa a Mayu, duk da cewa ci gaba ne a wajen likita, ya mayar da ƙidayar farko.

An ɗage tafiyar Yuli. Allah Ya sa ba a riga an yanki tikiti ba. Jikan ya zo duniya, kakan ya gan shi ta waya.

Yuli: sakamako da wasiƙar likita

Hoton eko ya nuna zuciyar tana tura kashi 55 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, wanda yake cikin ƙa'ida. Bawul-bawul lafiya lau. Na'urar awa 24 ta tabbatar da AF, amma gudun zuciyar yana hannu.

Bisa shawarar 'yar, ya roƙi likitan ya rubuta masa wasiƙa ta shafi ɗaya: sunan kowace cuta yadda take a likitance, ranar da aka gano ta, magunguna da awonsu, ranar sauyi na ƙarshe, da bayanin cewa babu gwajin da ake jira. Yana cikin bayani ya ambaci abubuwa ukun da ya danna a Afrilu. Likitan ya ajiye biro.

"Malam, wa ya ce maka kana da gazawar zuciya?"

"Ba an ce ciwon zuciya ba ne?"

"Bugun ne ba ya tafiya daidai. Zuciyarka ba ta gaza ba, jijiyarta kuma ba ta taɓa toshewa ba. Ta ƙwaƙwalwa ce ta toshe."

Likitan ya ƙara layi ɗaya a wasiƙar: babu tarihin gazawar zuciya, babu na toshewar jijiyar zuciya, babu angina.

Agusta: waya ta minti 40

Kwana 90 sun cika a tsakiyar Agusta. A ƙarshen watan ya kira wata dillaliya ta waya maimakon cika fom, wasiƙar tana gabansa, kwalayen magani a jere a kan tebur, matar tana gefe da takarda da biro. Dillaliyar ta sanar da shi ana naɗar maganar, ta fara.

Sau nawa shanyewar ta same ka? Sau ɗaya. Yaushe? Wata bakwai da suka wuce. Toshewa ce ko zubar jini? Toshewa. Kana tafiya ba tare da sanda ko taimakon wani ba? E. Za ka iya tafiyar mita 200 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ka yi haki ba? E. Sau nawa aka kwantar da kai ba shiri cikin wata 12? Sau ɗaya. Magani nawa kake sha don zuciya da hawan jini? A nan ya fara lissafi da ka, matar ta tura masa wasiƙar, ya karanto. Da aka zo kan zuciya ya ce "ciwon zuciya" bisa sabo, sai dillaliyar ta tare shi: "Baba, wane iri? Karanto min yadda likita ya rubuta." Ya karanto. Akwai gwajin da kake jira? Babu.

Farashin tafiyar mako bakwai har da Amurka ya fito ninki 7, kuma komai yana ciki, da zuciyar da shanyewar. Har yanzu ya fi ƙarfinsa. Daga nan suka shiga rage kaya.

Kamfanonin inshora suna raba duniya shiyya-shiyya, kuma shiyyar da ta ƙunshi Amurka da Kanada ita ce mafi tsada saboda kuɗin asibitin can. Mako biyun nan na Amurka sun ja dukan mako bakwai zuwa farashin waccan shiyya. Da aka cire su, ninki 7 ya koma ninki 4. Da aka rage zaman Turai daga mako biyar zuwa kwana 21, ya ƙara sauka. Ya amince ya ninka kason da zai fara biya daga aljihunsa idan wani abu ya faru, ya cire inshorar kaya da ta wayar hannu, ya zaɓi ta tafiya ɗaya maimakon ta shekara, wadda dama ba su yarda su ba shi ba. Aka tsaya a ninki 3.

Abu biyu ne dillaliyar ta hana shi taɓawa. Na farko, adadin kuɗin jinya da na mayar da shi gida, domin jirgin ɗaukar marar lafiya shi kaɗai yana iya cinye Yuro 30,000 ɗin da biza ke nema har ya nemi ƙari. Na biyu, ta sa matar cikin yarjejeniya ɗaya da shi, don idan ciwonsa ya sa aka fasa tafiya ko aka tsawaita zama, ita ma a biya mata. Ya sayi inshorar a ranar da ya yanki tikiti. Da takardar ta iso, matar ta bi jerin cututtukan da aka rubuta a ciki layi-layi tana gwadawa da wasiƙar likita. An manta da hawan jini. Suka kira aka saka, kuɗin bai ƙaru ba.

Biza ta fito a Satumba.

Oktoba: tafiyar

Ya zuba magungunan mako huɗu a jakar hannu tare da kwafin wasiƙar, ya zaɓi kujerar bakin hanya don ya riƙa miƙe ƙafa. Tafiyar ta yi lafiya. Ɗan da ke Amurka ya zo ya same su a can, ya yi kwana huɗu.

A rana ta 12, wajen ƙarfe tara na dare, haɓo ya ɓalle masa. Ya sunkuyar da kai gaba, ya matse tattausan wajen hancinsa minti 15 kamar yadda aka koya masa. Bai tsaya ba. Ya sake wasu 15, tawul na biyu ya jiƙe. Surukin ya ɗauko mota, 'yar kuma tana kujerar baya ta kira lambar agaji ta kamfanin da ke aiki dare da rana, aka buɗe fayil aka ba ta lamba tun kafin su isa. A sashen gaggawa awon hawan jininsa ya nuna 168 bisa 94. Aka ƙona bakin jijiyar da ke zubar da wani sinadari, aka yi gwajin jini, aka ce ya ci gaba da shan apixaban. Bayan awa huɗu suka koma gida. Asibitin ya nemi a biya nan take, surukin ya biya, ya karɓi rasit da rahoton likita.

Nuwamba da Disamba: neman biya

Sun aika takardun mako ɗaya bayan dawowa. Kamfanin bai biya nan da nan ba. Ya nemi izinin ganin fayil ɗinsa na asibitin gida na shekara biyu, saboda rahoton ya danganta haɓon da maganin hana daskarewar jini. Aka gwada fayil ɗin da abin da ya faɗa a wayar Agusta, komai ya zo daidai. A mako na biyar aka biya, bayan an cire kason da ya ɗauka wa kansa, wanda ya cinye kusan rabin kuɗin asibitin.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Tsakanin Afrilu da Agusta jikin mutumin nan bai sauya sosai ba, abin da aka sani game da shi ne ya sauya. Kamfanin inshora ba ya cinikin biri a sama. Cutar da aka san sunanta, aka auna ta, aka ga ta yi wata uku a wuri ɗaya, yana da hanyar yi mata farashi. Gwajin da ba a ga sakamakonsa ba kuwa yana iya zama komai, shi ya sa kamfanoni biyu suka gwammace su ƙi shi gaba ɗaya a Yuni. Neman da aka yi a Yuni ɓata lokaci ne, da an san haka da an matsa a yi ekon da wuri, ko a tsara tafiyar tun farko bayan cikar kwana 90.

Kuskuren Afrilu shi ne ya fi ba da mamaki, domin gaskiya ce ta yi masa yawa. Ana yawan gargaɗin mutane kada su ɓoye ciwo, kuma gargaɗin daidai ne, binciken Nuwamba ya nuna abin da zai faru da ya bi shawarar abokinsa. Amma ba kasafai ake faɗa musu cewa ɗora wa kai ciwon da ba ka da shi ma asara ce ba. Kalmar "ciwon zuciya" da muke rufe komai da ita ta haɗa cututtuka biyar ko fiye waɗanda haɗarinsu bai zo ɗaya ba, kuma an ɗora masa farashin biyu daga cikinsu alhali ba nasa ba ne. Ba za a iya raba saukar ninki 11 zuwa 7 daki-daki ba, tunda kamfanin ya bambanta kuma wata huɗu sun shige, amma shafin nan ɗaya na likita shi ne ya fi kowane abu tasiri a cikinta. A ganina, da fom ya sake cikawa a Agusta ba tare da mutum mai tambayar "wane iri?" ba, da zai iya maimaita kuskuren.

Saukar da ta biyo baya ba dabara ba ce, sadaukarwa ce. Ya bar Amurka, ya bar mako biyu daga zaman Turai, ya rasa haihuwar da aka shirya tafiyar dominta. Ƙara kason aljihu kuma bai yi masa riba ba a wannan karon, abin da ya rage a farashi bai kai abin da aka cire masa a Disamba ba. Da kwanciya ce ta mako guda, da lissafin ya juya. Takardar arahar nan ta Afrilu ita ce mafi haɗari cikin duk abin da aka gwada, don ita kaɗai ce za ta bar shi ya hau jirgi yana zaton yana da kariya, kuma haɓon rana ta 12 yana cikin abin da kalmar "a kaikaice" ta cire.

Yana shirin sake nema a Fabrairu, wannan karon don Amurka. A lokacin shanyewar ta haura shekara, amsar tambayar kwanciya cikin wata 12 za ta koma "babu". Amma zuwansa sashen gaggawa a Oktoba ya shiga fayil, sai ya faɗa, kuma likitan zuciya yana duba yiwuwar ƙara masa maganin hawan jini, wanda idan aka yi, ƙidayar kwana 90 za ta sake farawa.